Tukunya ɗaya na narka amma bushin sun fito kala biyu, ina matsalar take?

Maƙerin_Agege:

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin ƙarfe da tsofaffin hannu a harkar zubi ku warware min wani abu da ya ɗaure min kai tun satin da ya wuce. Ni zubi nake yi a nan Agege, yawanci tukwanen sanholo da murhu, amma jefi jefi ana kawo min aikin tagulla, bushin (zoben da shaf, wato sandar inji, ke juyawa a ciki) na injin markaɗe ko na famfo, wani lokacin har giyar inji mai haƙora. To wani mai gidan burodi ne ya kawo aikin bushin guda 4 na injin kwaɓa fulawa, manya ne, kaurin bangonsu ya fi inci ɗaya kafin a fere. Na shiga kasuwar gwangwan ta Owode Onirin na sayo kofa mai kyau, wato jan ƙarfe, wayar kwal ɗin lantarki ce zalla kilo 18, na samu kuza kilo 2 wurin wani mutumin Jos, kenan kashi 10 cikin 100 yanda maigidana ya koya min. Tukunya ɗaya na narka wlh. Guda 3 na zuba a yashi kaman kullum, na huɗun akwatin yashin ya rushe min ga ruwan ƙarfe yana jira a tukunya, sai na jawo wani guntun bututun ƙarfe mai kauri da ke yashe gefen wuta na kafa shi kan faranti na juye sauran a ciki, na ce ko banza na samu sanda.

Abin mamaki na yashin da na fasa washegari sai na ga wasu ƙuraje farare farare a samansu kaman zufa ta tsatso ta daskare, masu taurin tsiya, magagari ma zamewa yake a kansu. Da mai injin fere ƙarfe ya fere su sai ga ƙananan ramuka kaman an tsattsaga da allura, ka shafa mai a ciki anjima ka ga ya yi naso ta waje. Shi kuwa na bututun da na raina sumul ya fito, ba rami ko ɗaya sai dai ɗan kogo a tsakiya wanda dama za a huda ya tafi, har mai injin yana tambayata wai wane ƙarfe na sa a wannan don ya fi sauran ƙarfi a bakin wuƙa. Ƙari a kan haka yarona ya ciro ɗaya daga cikin na yashin tun yana ja zur ya tsoma a ruwa wai ya yi tauri kaman yanda ake wa gatari, ya tsage gida biyu. Ni dai zargina mai kuzan nan ne ya haɗa min da dalma, amma in haka ne ai da duka huɗun za su lalace ko? Mai burodi ya ba ni zuwa Juma'a.

Baba_Maƙeri_Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Yaro kar ka ɗauki alhakin mai kuza, ka riga ka ba kanka amsa, tukunya ɗaya ce. Mu tun muna yara a maƙera a Kano iyayenmu ke cewa tagulla ba ta son jira, in ta daɗe tana huci a cikin mazubi sai ta yi zufa, in ta yi zufa kuwa cikinta ya zama soso. Yashi bargo ne, riƙe zafi yake. Ƙarfe kuwa zuƙe zafi yake nan take. Aiki mai kauri in dole sai a yashi za ka yi to ka binne guntayen baƙin ƙarfe a jikin yashin daidai inda ya fi kauri su ja zafin, kuma kar ka bar tukunya ta daɗe a wuta bayan ta narke kana hira. Sannan yanzu damina ce, yashin Legas ba ya bushewa da kansa, ka gasa mazubin. Shi kuma yaron naka ka ja masa kunne amma kar ka dake shi, kowa da haka ya koya, ni ma na taɓa yi. Dalilin abin a boko sai dai 'yan makaranta su faɗa maka, mu hannu muka sani.

Injiniya_Yaba:

Baba Allah ya ƙara girma, wlh duk abin da muka yi shekaru muna haddacewa a aji kun faɗe shi a layi biyar. Malam na Agege bari in ɗan buɗe maka abin da ke faruwa a cikin ƙarfen, ka yi haƙuri zan ɗan ja zance.

Kofa zalla a digiri 1085 take narkewa kuma a nan take daskarewa, lokaci guda, kaman ruwa ya zama ƙanƙara. Kuza ita kuma tun a 232 ta narke. To in ka haɗa su kashi 90 da 10 abin da ka samu ba shi da digiri guda na daskarewa, yana farawa ne wajen 1000 da 'yan kai, kuma a lissafin littafi ba zai gama ba sai wajen 830 zuwa 850, a zubi na gaske ma ragowar ruwan kan kai har 798. Wato akwai tazarar digiri kusan 200 da ƙarfen yake ba ruwa ba, ba tauri ba, kaman talge kafin a tuƙa tuwo. Duk rigimar tagullar kuza a wannan talgen take.

Ka taɓa shan zoɓon leda da ya yi ƙanƙara? In ka tsotsa zaƙin da jan duk su fito su bar maka farar ƙanƙara salam. Dalili shi ne ruwa ne ya fara daskarewa ya tura suga gefe, sugan ya taru a ɗan ruwan da ya rage a tsakankanin ƙanƙarar. To haka kofa ke wa kuza. Abin da ya fara daskarewa kusan kofa ce tsantsa, kuzan da ke cikinsa bai wuce kashi 2 ko 3 ba, kuma ba dunƙule yake fitowa ba, reshe reshe yake yi kaman ƙayar kifi ko ganyen dabino, a makaranta dendirayit muke ce masa. Yana girma yana tura kuza cikin ruwan da ke tsakanin rassan, ruwan yana ƙara kuza yana ƙara jinkirin daskarewa, har ɗigon ƙarshe ya kai kusan kashi 25 na kuza alhali kai 10 ka zuba. Wannan ragowar in ta daskare ta ci gaba da hucewa, tana isa digiri 520 sai ta rikiɗe ta haifar da wani abu da ake kira delta, kuzan cikinsa kusan kashi 32 da rabi, mai tauri sosai amma mai saurin karyewa kaman tangaran. Jikin rassan kuma alfa ake ce masa, mai laushi ne yana lanƙwasuwa. In aka goge guntun ƙarfen ya yi sheƙi aka shafa masa ruwan ferik kulorayid aka duba a madubin ƙara girma, za ka ga rassan ɓaro ɓaro da deltan a lungunansu yana wani shuɗi shuɗi toka toka, wlh abin sha'awa, ranar da na fara gani na fi minti 20 ban ɗaga kai ba.

Yanzu ga inda saurin hucewa ya shigo. In ƙarfen ya huce a hankali kaman a yashi, rassan suna samun lokaci su yi ƙiba, ƙananan su narke manyan su cinye su, sai ka samu rassa manya da tazara mai faɗi a tsakaninsu, deltan ma ya taru gunduma gunduma. In ya huce da sauri kaman a bututunka, wuri da yawa ne ke fara daskarewa lokaci guda, rassan su fito sirara a cushe, deltan ya warwatsu mitsi mitsi ko'ina. Ƙa'idar da aka sani ita ce in ka rage lokacin daskarewa sau 8, tazarar rassan takan ragu kusan rabi. Shi ya sa mai injin ya ji na bututun ya fi ƙarfi, ba wani ƙarfe ka ƙara ba, saƙar cikin ce ta fi matsewa, kaman bambancin shadda mai ƙaramin zare da buhun algarara. Kuma kauri yana da nasa, in ka ninka kaurin aiki sau 2 lokacin daskarewarsa sau 4 yake ninkuwa, shi ya sa ƙananan bushin da ka saba yi a yashi ba su taɓa ba ka ciwon kai ba sai da manya suka zo.

Ramukan allura kuma abu biyu ne suka haɗu. Ƙarfe in yana daskarewa tsukewa yake, dole sabon ruwa ya biyo ya cike gurbin. A yashi duk jikin aikin ne ke zama talge lokaci guda daga baki har tsakiya, ruwan da ke raiza, wato rarar narkakken ƙarfen da ake bari a saman mazubi don ya riƙa cike gurbin, ba shi da hanyar ratsa wannan dajin rassan, sai kowane lungu ya tsuke ya bar ɗan rami, ramukan su haɗe da juna, shi ne man ke bi yana naso. A bututun kuwa daskarewar daga bango ta taso tana tafiya ciki a jere, ruwan tsakiya yana ciyar da ita har ƙarshe, duk tsukewar ta taru wuri ɗaya a tsakiya, kogon nan da ka ce za a huda. Na biyu iskar haidurojin. Narkakkiyar kofa tana shan ta kaman soso, daga laimar gawayi, daga jiƙaƙƙen yashi, daga baƙin mai in da shi kake hura wuta, kuma iya zafin tukunya iya yawan abin da za ta sha. In ƙarfen ya zo daskarewa ba ya iya riƙe ta sai ya amayar, ta taru a ruwan ƙarshen nan mai kuza, ta hura ramukan su ƙara girma, ta kuma matso ruwan ta tsakanin rassa har ya tsatso waje. Farin ƙurajen da magagarinka ya kasa ci kenan, sunansa ma a littafi zufar kuza, daidai yanda Baba ya faɗa.

Dan_Gwangwan_Owode:

Slm. ni ba injiniya bane amma shekara ta 14 ina harkar kofa da biras a owode. oga Agege tunda waya ka saya ba matsala amma masu karantawa ku kula, abinda ake ce muku biras ba duka daya bane. na famfo da makulli tutiya ce a ciki ba kuza ba, in ka narka zakaga farin hayaki yana tashi. farfelar jirgin ruwa da ake yankowa daga wajen apapa mutane na rububinta wai tagulla ce mai kyau, eh mai kyau ce amma yawancinta ba kuza a ciki, wata almeniyon ne da nikel wata kuma tutiya da manganis. kuma kai da kake zuba sanholo dan Allah kar dai da tukunya daya kake narka su?? dan kadan din sanholo in ya shiga tagullar kuza ya gama da ita. kuza ta gaske in ka lankwasa sandar kusa da kunne zakaji tana kara kas kas, in an cika mata dalma shiru zakaji kuma tafi nauyi tana bata hannu

Maƙerin_Agege:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri. Baba na gode, yaron ban taɓa shi ba harara kawai ya sha. Ɗan Owode tukunyar tagulla daban take Alhamdulillah, kuma na gwada ragowar kuzan yanzu tana ƙara, ashe na kusa zuwa in yi wa bawan Allah rashin mutunci a banza. Gaskiya ranar an yi ruwa da asuba kuma tukunyar ta daɗe a wuta don ina ta fama da akwatin da ya rushe. Amma Injiniya wani abu bai shige ni ba, in dai saurin hucewa ne ke gyara ƙarfen to ai yarona ya fi kowa gaskiya kenan, me ya fi ruwa saurin sanyaya abu? Me ya sa nasa ya tsage?

Injiniya_Yaba:

Hahaha yaron yana da hujja amma ya makara kuma ya yi gaggawa a lokaci guda. Saurin da muke magana shi ne na lokacin da ƙarfen ke tsallake talgen nan, daga wajen 1000 zuwa 800. Rassan a nan suke samun girmansu, in sun riga sun yi ƙiba ko a firiza ka saka shi daga baya ba za su rame ba. Shi kuma ya ciro abu mai kauri yana ja zur, wata ƙila ma akwai sauran ruwa ruwa siriri a tsakanin rassan cikin, ƙarfe a wannan halin ba shi da ƙarfin komai, waje ya tsuke da ƙarfi ciki bai shirya ba, dole ya yage. Sannan dabarar gatari ta baƙin ƙarfe ce mai kabon. Tagulla mai kashi 10 ba ta yin tauri don an tsoma ta a ruwa, masu ƙera kwano da faranti ma in tagulla ta yi musu gardama a guduma gasa ta suke su tsoma don ta yi laushi.

Inda tsomawa ke aiki da gaske shi ne in kuza ta yi yawa, kashi 22 ko 23, irin ƙarfen ƙararrawa. Wannan in ka bar shi ya huce a hankali delta ke cika shi, ƙararsa daɗi amma in ya faɗi ƙasa zai iya fashewa kaman kwalba. In ka gasa shi wajen digiri 700 ka tsoma a ruwa, ba ya samun sukunin rikiɗewa zuwa delta, sai ya fito da jimiri. Haka maƙeran Koriya ke yin kwanukansu na gargajiya masu kofa 78 kuza 22, haka ma a Kerala ta ƙasar Indiya, suna ƙera shi da zafinsa su tsoma. Ka ga ruwa ɗaya ne amma ya gyara wancan ya fasa naka.

Malamin_Fasaha_Ikorodu:

Injiniya sannu da ƙoƙari, amma ina da gyara kaɗan kar mutane su tafi da cewa sauri alheri ne kawai. Hucewa da sauri ba ta rage rabuwar kuza da kofa, ƙara ta ma take yi, don kuzan ba ta samun lokacin ratsawa cikin rassan da suka daskare. Shi ya sa a mazubin ƙarfe za ka iya ganin delta ko da kuzan ba ta kai yawan da za ta nuna a yashi ba, alhali a lissafi kofa na iya shanye kuza har kusan kashi 15 da ɗoriya ba tare da delta ya fito ba in an ba ta isasshen lokaci. In abin da za a buga da guduma ne ko a lanƙwasa, deltan nan masifa ne, sai an mayar da aikin wuta wajen digiri 700 na wasu awanni ya narke cikin alfa tukuna.

Injiniya_Yaba:

Haka ne Malam, na yarda, ban fito da wannan fili ba. Sai dai shi aikinsa bushin ne, kuma a bushin da giya deltan ake nema, ƙwayoyi masu tauri su ɗauki gugar shaf, alfa mai laushi ya ɗan lotsa ya riƙe mai. Abin da ba a so shi ne ya zama gunduma gunduma da ramuka kewaye da shi. Saboda haka Malam na Agege kar ka gasa naka bayan zubi, za ka kashe abin da mai burodi ya biya kuɗi dominsa. Kamfanonin da ke yin bushin da giyar tagulla masu tsada da yawansu a mazubin ƙarfe mai juyawa da gudu suke zubawa, ko su riƙa jan sanda ta cikin mazubi mai sanyaya da ruwa, duk don wannan matsattsiyar saƙar. Kai ka yi naka da guntun bututu bisa tsautsayi. Amma ka gode Allah bututun a gefen wuta yake ya bushe ya yi ɗumi, da mai sanyi ne da raɓa ko tsatsa mai laima a ciki da ruwan ƙarfen ya yi tsalle ya dawo maka fuska, wannan ba wasa ba ne. In za ka sake, ka gasa shi sosai, ka shafa masa baƙin hayaƙi ko garin girafayit a ciki don kar ya kama, ka bar ƙarin tsawo a sama wanda za ka yanke. Ka zuba da zarar ya narke ya yi ruwa sosai, tsakanin 1100 da 1200 ya wadatar, kar ka jira ya yi fari fat. In ka samu kofa mai fosfaras ka jefa ɗan kaɗan kafin zubi tana cire iskar oksijin kuma ruwan ya fi gudu, amma kaɗan fa, in ta yi yawa ita ma tana ƙara faɗin talgen.

Baba_Maƙeri_Idi-Araba:

To ni dai na ji sunan zufar da muka gada a bakin 'yan boko yau, alfa ne ko delta ne Allah ya yi muku albarka. Yaro in za ka sake narka waɗancan ukun ka kankare ƙurajen da dattin yashin tukuna, kuma kar ka narka su su kaɗai, ka haɗa da sabuwar waya da 'yar kuza.

Maƙerin_Agege:

Na dawo da labari. Jiya Laraba na sake zubi, guda 2 a bututu yanda Injiniya ya ce, na gasa su na shafa baƙin fitila, ɗaya kuma da gangan na yi a yashi amma na gasa mazubin na jera guntayen rodi masu kauri a jikinsa irin na Baba don in gani da idona. Na bututun sun fito sumul kaman na farko. Na yashin babu zufa ko ɗaya, da aka fere akwai 'yan ramuka can kusa da raiza inda ban sa rodi ba, sauran jikin lafiya lau. Na karya kan da na yanke na kowanne na ɗora su gefe da gefe a rana, na bututun cikinsa lukui kaman garin semo, na yashin farko kuwa tsaki tsaki ne har da wasu tabo ruwan ƙasa. Mai burodi zai karɓi 3 gobe, na huɗun sai Asabar don bututun da ya rage min ya yi ƙanƙanta. Ɗan Owode in kana shago gobe da safe zan shigo, ka nemo min bututu mai inci 5 mai kaurin bango, kuma ka tambaya min ko akwai mai sayar da kofar fosfaras ɗin nan a layinku.

Dan_Gwangwan_Owode:

bututu akwai. ka taho da wuri kafin goslo din mile 12 ya hadu